Marinin da Ya Koyi Barka da Sallah da Larabci

An yi wani mutum, wani bawan Allah marini, a wani gari can da, ana ce masa Sambo. Ya haura sittin, karatunsa bai wuce na sallah ba. Maƙwabcinsa wani tsohon Balarabe ne, Sidi Tahir, wanda fatauci ya kawo garin. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, Hausar da ya koya ta gudu daga bakinsa, sai Larabcin da ya sha a nono.

Ku saurara. Ƙaramar Sallah ta zo, aka shiga gaishe shi. "Barka da Sallah, Sidi." Shiru, sai ido. Mutane suka gaji, suka daina shiga.

Sambo ya je zauren Malam Ilu, limamin unguwa. "Allah gafarta Malam, kalmomin Sallah nake so, da Larabci."

"Yanzu, Baba Sambo? Da wannan furfurar?"

"Yanzun dai. Kafin Babbar Sallah."

Malam ya ce layya ita ce udhiya, nama lahmu, maƙwabci jaru. Sambo ya riƙa maimaitawa a bakin rijiyar rini yana motsa ruwan baba, shunin rini. Kafin la'asar kalmomin sun zube masa. Ya koma wajen Malam. Sun sake zubewa. Ya sake komawa. Abokan sana'a suna tsokanarsa: "Ku ba Shehun marina hanya!" Matarsa Kande ta ce, "Maigida, kai da sunayen jikokinka ma ke kufce maka?"

Ya ce, "Kande, mutum ne kwance, ba mai ce masa uffan."

Wata rana liman ya ce, "Wallahi na gaji, Baba. Sau bakwai ke nan."

"Ni ma na gaji, Malam. Ƙara mini sau ɗaya."

Washegarin Babbar Sallah, ranar rabon nama, Sambo ya ɗauki cinyar rago ya shiga wajen Sidi Tahir. Ya durƙusa ya ce, "Idun mubarak, ya jari. Lahmul udhiya. Taƙabbalallahu..." Sai sauran addu'ar ta ɓace masa.

Tsoho ya ɗago kai a hankali. "Minna wa minkum," in ji shi. Allah Ya karɓa mana da ku. Ya kama hannun Sambo, wannan hannu da baba ya rina, ya shiga zuba magana yana kuka. Sambo bai gane ko ɗaya ba, jama'a, ko ɗaya! Amma ya zauna har azahar yana cewa, "Na'am, na'am."

Wannan shi ne haƙƙin maƙwabci: ka sha wahala domin kada ya zauna shi kaɗai. Ni na gaji da faɗa muku. Ku harshenku ɗaya da tsohon da ke bayan katangarku, ba sai kun koyi komai ba. Yau Sallah nawa rabonku da ku leƙa shi?