Gafara Dai a Ƙofar Gidan Mode

Godiya ta tabbata ga Allah Uba Mai jinƙai, wanda ya neme mu tun muna masu tawaye. Bayan haka, ina so in rubuta abin da idona ya gani na karamar Malaminmu, bawan Allah salihi, masani mai taƙawa da zuhudu, ma'abocin haƙuri da tawali'u, wanda ya yi kiwon 'yar ikilisiyarmu ta Bodinga a lokacin da dukanmu ba mu cika ɗaki guda ba: ma'aikatan asibiti, malaman makaranta da manoma kaɗan. Kuturta ta ci yatsunsa tun yana saurayi, da dungun hannu yake juya shafin Littafi Mai Tsarki, amma babu ayar da za a tambaye shi bai faɗi inda take ba. Ni kaina da bin dungun nan da ido na gane baƙaƙe. Maƙwabtanmu Musulmi ma in sun gamu da shi sai su ce Allah gafarta Malam, shi kuwa ya amsa da amin, ya ce yana da bukata.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, bayan daminar da ta yi gardama, wani ɗan'uwanmu cikin bangaskiya mai suna Mode, direban motar albasa, ya ɗauko kaya daga wajen Kajiji, ya ɗora mutane a bisa buhuna. Barci ya sace shi a hanya, motar ta kife, kaya suka danne ɗaya daga cikinsu har lahira, Sani, mijin 'yar'uwarmu Laraba, wadda ba ta daɗe da fita wankan jego ba. Mode ko ƙwarzane bai yi ba. Tun daga ranar jana'iza ya koma gidansa na lambu kusa da Dandin Mahe, ya shige ɗaki ya ja ƙyaure, ya bar sujada, ya bar Jibin Ubangiji, abinci ma sai an yi da gaske.

Ita kuwa Laraba, nononta ya ƙafe ƙaf. Madarar gwangwani a wancan zamani sai labari. A wuni a layi cikin rana a dawo hannu wofi. Mun gwada nonon akuya, jaririn, Tukur, ya yi ta zawo. Maƙwabciyarta Hajjo, Allah ya saka mata da alheri, ta ba shi nata, amma tagwaye take goyo, ita ma yunwa ta taɓa ta. Yaro ya zube, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Jummai matar Mode tana goyo, Allah kuma ya ba ta ruwan nono, ta aiko cewa a kai mata yaron. Laraba ta ce da ɗanta ya sha nonon gidan da ya kashe ubansa, gara ya bi uban.

Ina zaune wurinta da hantsi Malam ya zo. Bai yi mata faɗa ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana duban yaron, sannan ya ce, "Laraba, ɗiyata, tsakaninmu da Allah, wa anka yi ma laihi?"

Ta ce, "Allah, Baba."

"To, wa ya taso ya zo ƙofar wani?"

Ya ce, "Mu munka yi ɓarna, munka shige ɗaki don kunya. Shi da anka ɓata ma, shi ya tako cikin Almasihu har bakin ƙofarmu, ya ɗauki hasarar bisa kainai. Gafara ba cewa ba a yi komi ba ce. An yi, kuma da ciwo. Mai yafewa shi ka ɗaukar ciwon."

Laraba ta ce, "Baba, ba ni iyawa. In na ce na yafe, ƙarya ni ka yi."

Ya ce, "Ban ce ki ce ba. Ki ɗauko ɗanki mu tahi. In mun isa, ki faɗi abin da kowace mace ka faɗi in za ta shiga gidan mutane. Shi ke nan abin da ni ka roƙo."

Ta dubi yaron, ta dube ni. Na ɗaga shi na ɗora mata a baya, ba ta hana ba. Muka shiga akori-kura mu uku, har muka sauka ina ganin leɓen Malam yana motsi da addu'a.

Da muka isa, Malam ya tsaya a waje ƙarƙashin dogon yaro, ya ce mu shiga. Laraba ta tsaya a bakin zaure kamar an dasa ta. Can sai ta buɗe baki, da muryar da ta dushe don kuka, ta ce, "Gafara dai, masu gida."

Ita sallama kawai take nufi, irin wadda muke yi kullum ba mu ko lura da abin da muke faɗi. Amma Mode yana cikin ɗaki, ya gane muryar. Kafin Jummai ta ce maraba, sai muka ji ƙyaure ya buɗe, ga mutum ya fito kamar an tono shi, gemu ya cukurkuɗe, riga ta yi masa yawa. Ya zube a gabanta, goshinsa a ƙasa, yana cewa, "Ke ka neman gafara gidana? Ke? Ni ad da wagga magana, Laraba, ni ad da ita, na rasa bakin faɗi."

Jummai ba ta tsaya jin su ba. Ta kwance goyon daga bayan Laraba, ta zauna a kan turmi ta sa masa nono. Da farko ya kasa kamawa, sai ta matsa masa a baki, can muka ji yana haɗiya.

Laraba ta daɗe tana kallon wanda ke kwance a gabanta. Sannan ta ce, "Mode, Sani ba shi dawowa."

Ya ce, "Haka na."

Ta ce, "Kuma ko ka kashe kanka da yunwa ba shi dawowa. Tashi ka ci abinci, na bar ka da Allah, ba ni binka komi."

Wallahi ba ta rufe baki ba sai na ga ta dafe ƙirji, ta ce mini, "Inna, wani abu na tsikarina." Na duba, ga rigarta ta jiƙe ɓangare biyu, nono yana ɗiga har kan zanenta, nonon da ya ƙafe tun ranar da aka kai Sani makwancinsa. Jummai ta fashe da kuka da dariya lokaci guda, ta miƙa mata yaron ta ce, "Amshi abinki, wanga ɗa naki ja garai kamar maraƙi!"

Na fita da gudu na gaya wa Malam. Bai tashi ba, bai yi mamaki ba. Ya ce, "A gode wa Mai shi. Ki ce ma Jummai ta dama hura, mutum biyu ag gidan nan ka jin yunwa."

Wannan kaɗan ne daga abin da Ubangiji ya aikata ta hannun bawansa mai tawali'u, wanda har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda a jingina masa komai ba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya ƙara masa ɗaukaka cikin tsarkaka, ya gafarta mana zunubanmu albarkacin Almasihu, ya sassauta zukatanmu ga waɗanda suka ɓata mana, ya sa albarkar wannan bawa nasa ta bi 'ya'yanmu da jikokinmu. Amin.