Labarin Kaka Sabuwa da Kausar ba ta tsaya ta ji ba

Akwai wata yarinya a unguwar New Bell mai suna Kausar, 'yar ajin ƙarshe a sakandare. Faransanci kamar ruwa a bakinta, amma Ingilishi na ba ta tsoro. Malaminsu na Ingilishi ya ce su shirya rubutu a kan wani abu da mutum ya gano a rayuwa, don yana iya fitowa a jarrabawa.

Kausar ta samo wani rubutu a waya, na wani Bature da ya gano tsibiri, ta duƙufa haddarsa.

Kakarta, Sabuwa, tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, ta tambayi abin da take ta maimaitawa. Da ta ji, sai ta yi dariya.

"Madam boko, zo ki ji nawa. Ranar da jirgin ƙasa ya sauke mu a garin nan, na ga ruwan kogin Wuri, na ɗauka ƙarshen duniya ke nan. Sai babana ya kama hannuna ya ce..."

"Après, Kaka, sai an jima. Wannan ba ya cikin jarrabawa."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji tsohuwar, ta koma kan shinkafarta.

Kaka ta sake gwadawa washegari, Kausar ta toshe kunne da abin jin sauti.

Ranar jarrabawa, tambayar ta fito da wata fuska: a rubuta abin da aka gano game da asalin gidansu daga bakin wani babba. Baturen Kausar bai da wurin shiga. Ta rubuta jirgin ƙasa, ta rubuta ruwan Wuri, ta rubuta hannun uba. Nan biro ya tsaya.

Ta hau babur tana Allah-Allah ta isa gida ta ji sauran. Ta tarar da mata cike da tsakar gida. Hawan jini ya kayar da Kaka, ya tafi da maganarta.

Kausar ta durƙusa a gefen katifa. "Kaka, me babanki ya ce?"

Tsohuwar ta matse hannunta, leɓɓanta suna motsi, babu sauti. Har Allah ya karɓi abarsa, ba wanda ya ji ƙarshen zancen.

Darasi: Idan tsohon gidanku ya buɗe baki zai ba ku labari, ku ajiye waya ku saurara, don abin da ke bakinsa ba a sake samunsa a ko'ina. Ku tura wa duk mai sauran kaka a raye.