Marin da Kauci Ke Yi wa Shakauci

Dalilin da ya sa furen kauci ke tsuke baki kamar kan ashana, ba ya buɗewa sai ɗan tsuntsun nan shakauci ya taɓa shi, tsohon rikici ne na maƙwabta. Ku zauna ku ji.

A da, furen Kauci a buɗe yake kamar na kowa. Tana zaune a reshen wata kaɗanya, kusa da Gurjiya da Minjirya, manyan itatuwa masu jan fure. Kun san itace ba ya tafiya, kuma ba ya samun 'ya'ya sai garin furen danginsa ya iso masa. Saboda haka su ukun suka ɗauki ɗan aike ɗaya, Shakauci. Tukwicinsa ruwan zuma.

Shakauci ya fi kula da tukwici fiye da saƙo. Ya kwaso garin Gurjiya ya zube wa Kauci, ya ɗauki na Kauci ya kai wa Minjirya. Manyan ba su damu ba, furanninsu dubbai ne, ko an yi ɓarna wani zai dace. Kauci kuwa shekara uku ba ta ga ɗa ko ɗaya ba, ga kaɗanyar da take kai ta fara bushewa. In ta faɗi, zuriyar ta ƙare.

Ta yi wa Shakauci magana a hankali. Ya ce shi duk gari rawaya yake gani, kuma ba a ɗauke shi aikin tankaɗe ba.

Ta kai kuka wurin Gurjiya. Gurjiya ta kafa kwamiti, ta naɗa kanta shugaba, Minjirya sakatariya. Aka yi zama bakwai. Biyu sun tafi a gaisuwa, ɗaya a gardamar wa zai fara magana. A na bakwai aka yanke cewa a raba jikin ɗan aiken, kowa ta riƙa ɗora kayanta a wuri ɗaya. Gurjiya ta ɗauki ƙirji. Minjirya ta ɗauki maƙogwaro da abin da ke kusa da shi.

"Yaya, ni fa?" in ji Kauci.

"Ke ai 'yar haya ce," in ji Minjirya tana duba takarda. "Saiwarki ba ta taɓa ƙasa ba. Za mu tattauna batunki a zama na gaba."

Kauci ta roƙi goshi, tunda babu mai shi. Shakauci ya ce sam, goshinsa ne ke sheƙi in rana ta haska, ba za a ɓata masa shi da gari ba.

Kauci ta aika wa 'yan'uwanta saƙo ta bakin iska, ita da su duk suka rufe ƙofar furanninsu, suka tanƙware 'yan sandunan garinsu a ciki kamar tarko. Zumarsu kuwa ta ƙara zaƙi don ba mai sha.

Kwana biyu Shakauci na wucewa yana cewa shi ba ya roƙo. A na uku ya sauka a ƙofar Kauci, ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya sa baki ya ɓalle ƙofar. Sai ji ya yi tas a goshi, gari ya rufe sheƙin kaf.

Ya garzaya kwamiti. Minjirya ta bincika rahoton zama bakwai, ta ce ba a ambaci goshi a ciki ba, don haka ba huruminsu ba ne.

Ya rantse ba zai koma ba. Ya tashi a fusace, ƙamshi ya ja shi gidan ƙanwar Kauci, ya tura kai, garin ya sauka inda aka aike shi, ya kuma karɓi sabon mari. A shekarar nan rassa suka cika da 'ya'yan kauci.

Shi ya sa har yau furen kauci a rufe yake, shakauci kuma yana yawo da goshi rawaya, yana shan mari gida gida. Zama na takwas ɗin dai ba a kira shi ba tukuna.