Agogon Kwamfutar Kawu Rabe

Akwai wani saurayi a Kankia, Mannir, wanda ya san kwamfuta sosai. Aibinsa ɗaya: ba ya bari a gama magana. Kafin ka kai rabi ya ce, "Na gane."

Kawunsa Rabe, tsohon malamin gona a Kusada, idonsa ya yi rauni har ya daina karatu. Sai Mannir ya samo masa wata manhaja ta kyauta mai karanta rubutu da murya. Irin wadda masu ita ke sakin asalin rubutunta ce, kowa ya harhaɗa ta a kan tasa na'urar.

A kwamfutar Mannir ta haɗu lami lafiya. A tsohuwar kwamfutar Kawu kuwa, da an fara sai ta tsaya, ta zubo rubutu cike da allo. Mannir ya leƙa layin ƙarshe, ya kwafo umarni daga intanet, ya sake gwadawa. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Kawu, wagga kwamfuta ta gama yawo. Sai dai sabuwa."

Kawu ya yarda. Marmarin karatu ya ishe shi, don haka ranar kasuwa ya sa aka kora bijiminsa na huɗa zuwa kara don a sayar a sayi sabuwa, ga damina a bakin ƙofa.

A ranar Mannir ya zo kwashe fayilolin tsohuwar. Kamila, 'yar Kawu, ta tsaya a bayansa. Ita ba ta san harkar ba, amma tambaya gare ta kamar me.

"Yaya, wai mi take cewa in ta tsaya?"

"Kuskure ne kawai."

"Duk wanga rubutu kuskure ɗaya? Can sama hwa, mi ta fara cewa?"

Don ta ƙyale shi, ya sake gwadawa, ya ja allon sama yana fassara mata da gatse: "Wai fayil ɗin da ta ƙirƙira yanzu ya girmi waɗanda aka sauko da su. Wai a duba agogo..."



"To ya za a yi sabo shi girmi tsoho?" in ji Kamila, abin ya ba ta mamaki.

Mannir ya dubi kwanan wata a gefen allo. Ashe ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai kwamfutar ta koma shekarar da aka ƙera ta. Tun ranar farko take faɗa masa haka, shi ne bai karanta ba.

Ya gyara kwanan watan. Manhaja ta haɗu tsaf, ta soma magana. Kawu ya yi dariya har da ƙwalla.

Mannir ko dariyar bai iya ba. Nan take ya kira dillalin da aka kai wa bijimin.

"Bijimin Malam Rabe? Ai an sallama tun hantsi, yana cikin mota ya yi kudu."

Kawu bai yi masa faɗa ba, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Daminar nan kaf, Mannir a gonar Kawu ya yi ta da galma a hannu.

Darasi: Mutum ne ko na'ura, bari ya gama magana kafin ka yanke hukunci, domin sau da yawa wani ne zai biya kuɗin gaggawarka. Ku tura wa masu saurin cewa "na gane", in Allah ya sa sun karanta har ƙarshe.