Ramin Kada a Tafkin Maje

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ranar wata Laraba da hantsi, kwana uku bayan ɗaukewar damina, aka naɗa Jatau sarkin masuntan Tafkin Maje. A tafkin nan akwai wani tsohon Kada. Al'adar garin, duk ranar su, wato ranar kamun kifi, kifin farko nasa ne. A jefa masa, a ce, "Baba, ga naka."

Jatau yana zaune bakin ruwa, sai ya ga Kada ya haɗiye wata ƙatuwar tarwada. Ya ce, "Baba, mu ba ka, kuma ka ɗiba da kanka?"

Kada ya ce, "Yaro, ciki ba ya jiran ranar su."

Jatau ya ce, "To, tafki ɗaya ba ya ɗaukar sarki biyu."

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, kakanka a nan ya same shi, bai kore shi ba."

Ya ce, "Kakana tsoro ya ji."

Sai ya tara samari da ganguna da duwatsu. Suka yi ta kiɗa da jifa har Kada ya fito, ya ja ciki ya nufi gulbi. Ko waiwaye bai yi ba.

Shekarar farko tarwada ta cika tafki, kowa ya ci ya ƙoshi, ana ta yi wa Jatau kirari. Amma karfasa ta yi wuyar gani. Sai ya tambayi wata tsohuwar Karfasa, "Ina 'ya'yanki?"

Ta ce, "Suna cikin tarwada. Da can Baba ne ke rage mana su."

Jatau ya ce, "Tarwada ma ai kifi ce."

Shekara ta biyu gansakuka ta rufe ruwan, ya yi kore yana wari. Sai Jatau ya tambayi Kwaɗo, "Wa ya ɓata mana ruwa?"

Kwaɗo ya ce, "Mai sharewa ce babu. Karfasa ce ke cin gansakuka, karfasa kuwa ta ƙare."

Jatau ya ce, "A tace da ƙyalle a sha." Amma a hankali ya faɗa.

Shekara ta uku, tun kafin bazara tafki ya ƙafe ƙaf, abin da ba a taɓa gani ba. Mata suka zo da tuluna, suka koma da su wayam. Sai Jatau ya tambayi Kunkuru, "Ina ruwa ya tafi?"

Kunkuru ya ce, "Akwai rami a tsakiya, makwancin Baba. Kullum yana ture laka da wutsiya. Duk tsananin rani, ruwa na kwana a ciki. Da ya tafi, laka ta cike shi."

Jatau ya miƙe. Sai ya ɗauki busasshen kifi guda, ya kama hanyar gulbi. Ya tarar da Kada kwance kan yashi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ga naka. Ka yi haƙuri ka dawo. Ban san aiki kake mana ba."

Kada ya ce, "Ni ma ban sani ba. Ci nake yi, ina gyara makwancina." Ya lumshe ido. "Na tsufa, Jatau, ƙasa kuma ta bushe. Ba zan kai ba. Da bara ka zo."

Sai Jatau ya ajiye kifin, ya juya gida.

Mutanen Maje suka tashi, gida bayan gida, suka bi ruwa. Kwaɗo ma ya bi su. Waɗanda suka rage su ne Kunkuru, da wata tarwada da ta binne kanta cikin laka tana jiran damina, da Tabawa wadda ba ta taɓa cewa "ai na gaya maka" ba, sai Jatau, wanda kowace safiya yake ɗaukar fartanya ya je tsakiyar tafki yana haƙa makwancin Baba.

Ƙurunƙus kan kusu, ku tashi ku kwanta. In kun ga mai ci, kafin ku kore shi ku duba abin da cin nasa yake tsarewa.