Guntun da Galih Ya Raina

Akwai wani matashi a nan Bandung ta ƙasar Indonesiya mai suna Galih, ɗalibin kimiyyar kwamfuta. In dai fasa manhaja ake magana, ku bar shi kawai, yaron nan ya iya. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma ba ya samun barci sai kowa ya san ya sani.

Kada ku ɗauka ɓarawo ne. Irinsu ne kamfanoni ke nema su gwada musu ƙofofi kafin ɓarayin gaske su iso. Har gasa suke yi. A ba ka manhaja mai rauni, ka fasa ta, ka ɗauko wata kalmar sirri da suke kira tuta, ka miƙa wa alƙalai su ba ka maki.

Bari in ɗan faɗa muku fannin Galih, don ku ji daɗin labarin. A da, mai kutse yakan cusa wa manhaja umarninsa, ita kuma ta haɗiye ta aiwatar. Masu tsaro suka toshe wannan hanya, suka ce duk umarnin da ya zo daga waje ba za a bi shi ba. Masu kutse suka ce ba komai, za mu zo hannu rabbana.

Cikin kowace manhaja da aka gama harhaɗawa akwai dubban guntayen umarni. Da yawansu sukan yi ɗan aikinsu, sannan su ƙare da "koma", wato koma inda aka kira ka. To in ka samu ka shiga wurin da ake rubuta inda za a koma, sai ka jera adireshin guntayen da kake so. Wannan ya yi nasa ya miƙa ga na gaba, na gaba ya miƙa ga na gaba, har manhajar ta buɗe maka ƙofa da hannunta. Kamar tela ne da ya shiga shagon wani ko zare bai riƙe ba, ya tsinci ƙyallayen ƙasa ya ɗinka riga. Wannan jerin shi suke kira sarƙa.

Galih kuwa alfaharinsa gajeriyar sarƙa. In ya ga ta wani ta yi tsawo, sai ya taɓe baki ya ce, "Sarƙa ce wannan ko layin masu jiran mota?"

Ƙungiyarsu mutum uku ce, sunanta Cireng, sunan soyayyen rogon nan da suke ci kamar ba gobe. Akwai Firman, sarkin barkwanci. Sai babbarsu kuma shugabarsu, Teh Lilis, wato Yaya Lilis a yarensu, wadda ita ta kafa ƙungiyar tun tana sabuwar ɗaliba.

Shekara da shekaru Teh Lilis tana neman abu ɗaya: ta kai Cireng zagayen ƙarshe a Kuala Lumpur. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya kaɗai ke tafiya. Gasar ta ɗalibai ce, ita kuma bana take gama karatu. In ba a samu bana ba, shi ke nan, an rufe mata babin.

Ranar Asabar aka taru a babban ɗakin taro, ƙungiyoyi daga ko'ina, wayoyin wuta sun bi ƙasa sun cakuɗe. Tun da safe babban alƙali, Pak Hendra, wato Malam Hendra, ya sanar cewa sun ajiye kwafin na'urarsu, kowa ya sauke ya riƙa gwada aikinsa a kai kafin ya harba.

Teh Lilis ta juya ta ce, "Galih, ka ji ko? Sauke shi yanzu kafin intanet ya cunkushe."

Galih ya shafa tsohuwar kwamfutarsa, wadda ya ƙi sabunta komai nata saboda wai shi ya tsara ta da hannunsa. Ya ce, "Teh, wannan baiwar Allah ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya yi aiki a kanta, ko a duniyar wata zai yi."

Firman ya ce, "To ka aure ta mana, mu sha biki."

Aka yi dariya, aka fara gasa.

Jama'a, safiyar nan ta Cireng ce. Teh Lilis ta ciro tuta, Firman ya ciro, Galih ya ciro biyu a jere yana kurɓar kofi ko kallon allo ba ya yi. Kafin azahar sunansu na can ƙoli a babban allon maki. Wata ƙungiya daga garin Surabaya ce ke bin bayansu, tazarar ba ta da yawa, amma dai suna gaba.

Bayan an dawo daga salla aka saki tambaya ta ƙarshe, mai maki mafi tsoka. Galih na buɗe ta ya yi murmushi har kunne. Aikin sarƙa ne tsantsa.

Ya ce, "Teh, ki fara tunanin tsarabar da za ki sayo wa Mama."

Ruwan la'asar na Bandung ya kece a kan rufi, shi kuwa yatsunsa na gudu. Ya gano inda manhajar ke karɓar rubutu fiye da cikinta. Ya tono guntayenta, ya zaɓa, ya zubar, ya sake zaɓa. Ya jera su tsaf, ba ko ɗaya na banza. Ya gwada a kwamfutarsa, ƙofa ta buɗe wangale.

Firman ya miƙe yana taka rawa da ledar cireng a hannu. Teh Lilis ta dafe ƙirji tana cewa Alhamdulillahi. 'Yan teburin kusa suka fara leƙowa. Galih ya jingina da kujera, ya miƙa yatsa ɗaya a hankali don kowa ya gani, ya harba sarƙar zuwa na'urar alƙalai.

Shiru. Layin ya yanke kawai.

Ya sake harbawa, ya sake yankewa. Ya gwada a tasa, ta buɗe. Ya harba can, shiru.

Teh Lilis ta jawo kujerarta kusa. Ta ce, "A ina yake mutuwa?"

"A ƙofar ƙarshe. Komai na tafiya daidai, sai an zo kiran ƙarshe."

Ta ce, "Na taɓa ganin irinsa. Sababbin na'urori ba sa yarda da kiran nan sai jerin ya tsaya daidai a kan ma'auninsu. Naka ya goce da rabin taku. Tsohuwar kwamfutarka ba ta damu ba, tasu ta damu. Saka guntu ɗaya wanda ba ya komai sai 'koma', kafin na ƙarshen. Zai tura jerin ya daidaita."

Galih ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce, "Guntun da ba ya komai? A sarƙata? Teh, wannan camfin 'yan koyo ne. In abu ya ƙi su, sai su yi ta cusa 'koma' suna addu'a."

"Gwadawa fa na ce ka yi."

"Ni ba na gwada abin da ban yarda da shi ba. Na'urarsu ce ta lalace."

Ta ce, "To turo min sarƙar, in gwada da kaina."

Ya ɗan karkatar da kwamfutar gefe. Ya ce, "In na gama za ku gani."

Wallahi a nan ne raina ya fara ɓaci da yaron nan. Abin da zai ɗauke shi ƙiftawar ido, shi ya tsaya yi wa gardama.

Bai tsaya nan ba. Ya tashi, ya ratsa tsakiyar ɗaki har teburin alƙalai, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce, "Pak, tambayarku ta ƙarshe a karye take. Sarƙata daidai take, na'urarku ce ba ta aiki."

Pak Hendra ya sauke tabarau ya ce, "Ka gwada a kwafin da muka bayar?"

"Ba na buƙata, Pak."

"To koma ka zauna, ɗana. Na'urar lafiya lau take."

Kafin ya rufe baki, teburin 'yan Surabaya ya kaure da ihu. Sun ciro tutar. Babban allo ya motsa, sunansu ya haye, Cireng ta sauko ta biyu. Duk ɗakin ya juyo yana kallon Galih a tsaye a tsakiya, wani daga baya ya ce, "Ashe tasu na'urar ba ta karye ba." Dariya ta tashi.

Ya dawo kunnuwansa na zafi. Amma ku ji, har yanzu da sauran dama. Cireng ce ke gaba kafin wannan tambaya, saboda haka in suka ciro tutar, za su sake hayewa. Lokaci ne kawai ya fara ƙurewa.

Firman ya shiga sauke kwafin alƙalai, intanet na jan ciki kamar katantanwa. Teh Lilis ta buɗe manhajar ta fara ƙulla tata sarƙar daga farko, alhali ba fanninta ba ne, tana yi tana duban agogo. Ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Galih, don Allah. Guntu ɗaya."

Ya ji ta sarai. A ransa ma ya fara zargin gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona shi. In ya saka ya yi aiki, to kowa ya san ba shi ya warware ba. Sai ya ce wa kansa bari ya fara gwada nasa dabarun, in ya so daga baya.

Ya canja guntu na farko, ya harba, shiru. Ya juya tsarin, ya harba, shiru. Ya ƙara gajarta sarƙar, abin da ba wanda ya tambaye shi, ya harba, shiru. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin ruwan sama.

Firman, wanda ba a taɓa jin ya yi magana ba wasa ba, ya gutsure sunan Galih yadda ya saba, ya ce a hankali, "Lih, gasar nan ba taka ce kaɗai ba fa."

Pak Hendra ya ɗauki lasifika ya ce a shirya, an kusa rufewa. Ɗaki ya ɗauki zafi. Wasu sun hau kujeru, 'yan Surabaya sun riƙe hannun juna suna kallon allo.

Sai a lokacin Galih ya sauko. Ya nemo guntun nan da ya raina, wanda ba ya ɗauka ba ya ajiyewa, sai dai ya koma. Ya saka shi kafin na ƙarshe. Ya harba.

Ƙofa ta buɗe.

Na'urar alƙalai ta tsaya tana jiran umarninsa kamar ba ita ta yi ta yanke masa layi ba. Firman ya daka tsalle ya ce, "Tutar, Lih, tutar!" Galih ya nemi inda take, ya yi kuskuren harafi, ya goge, ya sake. Ga ta nan ta fito ɓaro-ɓaro. Ya kwafa, ya buɗe shafin miƙawa, ya liƙa.

Ƙararrawa ta kaɗa kafin yatsansa ya sauka. Ya danna duk da haka. Shafin ya amsa masa da cewa an rufe gasa.

'Yan Surabaya suka ɗauki shugabansu sama. Tafi ya cika ɗakin, har ya danne ƙarar ruwan. A teburin Cireng ba wanda ya motsa, tutar tana nan a kan allon Galih, daidai take harafi da harafi.

Teh Lilis ce ta fara tashi. Ta je ta taya 'yan Surabaya murna ɗaya bayan ɗaya, da fara'arta. Ta dawo ta rufe kwamfutarta, ta fara naɗe wayar caji a hannu. Galih ya so ta yi masa faɗa, ko ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba.

Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce, "Teh, ya buɗe. Yadda kika ce."

Ta ce, "Na gani."

"Ki yafe min. Na rantse baɗi ba wanda zai tsaya a gabanmu."

Ta saka wayar a jaka, ta ja zif, ta rataya. Sannan ta dube shi, idonta ya cika amma muryarta ba ta rawa. Ta ce, "Na yafe maka, Galih. Ka riƙe abin da ka koya, baɗi zai yi maka amfani. Ni ce dai ba ni da baɗi."

Ta fita cikin ruwan ko lema ba ta buɗe ba.

Darasi: Iyawa ba ta hana mutum jin shawara, kuma abin da ka raina don ka ga ba ya komai, wataƙila shi ne ke riƙe da dukan aikinka. In kana cikin tafiya da mutane, ka tuna taurin kanka ba kai kaɗai yake kayarwa ba, kuma wani damarsa ke nan ta ƙarshe. Ku tura wa abokan aikinku da 'yan ajinku wannan labari, musamman gwanin nan da ba a isa a gyara masa ba.