Tsamiyar da Aka Kai Lambun Sarki

Daga bakin Gwaggo Ladingo, yayar babanmu, na fara jin wannan hikaya, ranar da aka binne innata, ina 'yar budurwa. Gwaggo ba ta iya rarrashi ba, Allah ya jiƙanta. Ta same ni ina kuka a bayan rumbu, ta ce, "Share majinar nan ki zauna." Yau ga shi ni ma na tsufa ina rainon dashe a ƙofar gida, kuna yi mini tsiya wai Kaka mai 'ya'ya a leda. To, ku karanta.

An ce wani sarki, mai yawan dakaru da ƙarancin haƙuri, ya ji labarin sarkin maƙwabta zai kawo masa ziyara bayan damina. Ya duba bayan fadarsa, fili fetal, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Ya ce a kirawo masa wanda ya san itace.

Aka kawo wani tsoho, Baba Nomau, wanda ke rainon itatuwan ƙasar a bakin rafi: tsamiya, ɗorawa, kanya, gawo, aduwa. A tsofaffin tukwane yake shuka iri. In dashe ya isa, ba ya zare shi daga tukunya. Da ita yake sa shi a rami, ya fasa gindinta da dutse, don kada saiwa ta ji an taɓa ta.

Tsoho ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye tukunya da ɗan tsiro kamu ɗaya.

Sarki ya ce, "Inuwa na nema, ka kawo mini ganyen miya?"

Ya ce, "Ya sarki, kowace inuwa da ka taɓa sha, daga nan ta fara."

"Yaushe zan zauna a ƙarƙashinsa?"

"Ranka ya daɗe, kai za ka ba shi ruwa, jikanka ya zauna."

"Wane itace ne ya fi saurin girma?"

"Wanda mai shi ya shuka da hannunsa."

"Wanne ya fi saurin mutuwa?"

"Wanda aka raba da inda ya saba."

Fadawa suka ce, "Hattara, tsoho!" Sarki ya juya ga Waziri ya ce, "Ƙasata cike take da manyan itatuwa, me zai sa in jira jika? Duk babban itacen da aka gani, ko na wane ne, a haƙo shi a kawo nan."

Haka kuwa aka yi. Dogarai suka bazu gonaki da ƙauyuka, suna sare rassa, suna datse saiwa, shanu na ja. Aka tumɓuke ɗorawar da wata gwauruwa, Tabawa, ke yin daddawa da ita ta ci da marayu. Aka tumɓuke kanyar da yara ke karya kumallo da ita lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya yi magana ya sha bulala, wanda ya yi shiru ya sha rana. A tsakiyar lambun aka kafa wata tsamiya, wadda ta fi duka kauri da kyau, da aka haƙo a wani kufai.

Ruwan sama ya zuba, bayi suka ƙara da na tulu. Amma itace ba soja ba ne, ba ya jin umarni. Ganye ya yi rawaya ya kaɗe, gara ta hau. Kafin a yanke gero, lambun sarki ya koma kamar kasuwar itacen girki.

Waziri ya ji tsoron wuyansa, ya ce, "Ya sarki, bakin tsohon nan ne. Shi ya kira musu mutuwa a gabanka."

Aka jawo Baba Nomau da igiya. Sarki ya ce, "Bakin da ya kashe su shi zai tayar da su. In ka nuna mini ɗaya mai rai, ka tsira. In babu, ga hauni nan da takobinsa."

Tsoho ya shiga lambu, sarki na biye, hauni na biye da sarki. Duk itacen da ya isa, sai ya kankare ɓawo da farce ko zai ga ɗanye. Ko'ina a bushe. Yana tafe yana gaishe su kamar masu jinya: "Sannu, ɗorawar Tabawa. Sannu, kanyar gidan makafi." Da ya iso tsamiyar tsakiya, ya durƙusa ya tona gindinta da hannu. Sai ya tsaya cak. Hawaye suka zubo cikin gemunsa.

Sarki ya ce, "Kukan kanka kake yi?"

Ya ce, "Ya sarki, kaina ya daɗe da nuna, ko ba a girgiza ba zai faɗo. Dubi nan."

Sarki ya sunkuya. A gindin itacen ga ɓarin wuyan wata babbar tukunya, itace ya haɗiye rabinsa.

Tsoho ya ce, "Ina saurayi, wata yarinya mai suna Hansai ta dawo gidan iyayenta daga fada, goyon ciki, haihuwar fari. Uwarta ta sayi wannan tukunya don ruwan wankan jego. Ba a ko ɗora ta a murhu ba. Yarinya ta haihu da hantsi, ta cika kafin azahar. Aka binne ta a bayan ɗakin uwarta, aka ɗauki jariri aka mayar fada. Uwar ta kawo mini tukunyar ta ce, 'Nomau, shuka mini abin da zai yi mata inuwa, kada a manta inda take.' Gari ya tashi, katangu suka rushe. Wannan tsamiya kaɗai ta rage tana tsaronta."

Kowa a fada ya san sunan uwar sarki Hansai. Shi ma tun yana yaro ake ce masa tana kwance ƙarƙashin wata tsamiya a kufan kakanninsa, kullum yana cewa zai je ziyara, in an gama yaƙi, in an gama haraji.

Ya hau doki a take, aka ɗora tsoho a bayan wani bafade. Suka iske kufai babu itace ko ɗaya. Ambaliyar damina ta bi ta kan ramukan ta cike su da yashi, ƙaya da ciyawa sun rufe ko'ina bai ɗaya.

Sarki ya ce, "Baba, ina ne?"

Tsoho ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Ya sarki, da itacen nake gane wurin."

"Masu haƙa fa? Me suka tarar a ramin?"

"Ban tambaya ba. Kai ma kada ka tambaya."

Sarki ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya rasa inda zai fuskanta. Ya zauna a ƙasa, rawaninsa ya kwance, ba wanda ya isa ya gyara masa. Can ya ce, "A kawo mini Waziri a ɗaure."

Tsoho ya ce, "Gatari bai san gidan kowa ba, ranka ya daɗe. Kai ka ce ko na wane ne."

Sarki ya miƙe. Sa'an nan ya kwance igiyar hannun tsoho da kansa, ya ce, "Ba ni dashe in sa mata."

"Zan ba ka. Amma ita ta riga ta huta da rana. Tabawa da marayunta su ne a cikinta. Fara da su."

An ce sarkin ya bi gona gona da tukunya a hannu, yana fasa gindi yana binnewa, ya ciyar da masu itatuwan daga rumbunsa har dashen ya yi 'ya'ya. Baƙonsa ya zo ya sha rana ya koma. Shi kuwa ya mutu bai gano kabarin uwarsa ba. Kafin ya cika ya bar wa magajinsa magana ɗaya: adalci dashe ne, ba a ƙwato shi da girmansa, wanda ya cire inuwar talaka, tasa ya cire bai sani ba.

Gwaggo na kaiwa nan ta miƙe ta ce, "Kuka ba ya tsiro. Tashi ki wanke tukwane."

Da gari ya waye na ɗauki tukunyar miyar innata, na cika ta da ƙasar bayan ɗakinta, na tura ƙwallon tsamiya a ciki da ɗan yatsa, na zuba ruwa.